Firam Dubu Uku, Ba Hoton Kaka

Har yau in na tuna abin da ya cika wayata a waccan shekarar, sai in ji kamar in tofar da yawu. Ba hotunan 'ya'yana ba ne, ba kuma na ɗalibaina ba. Firam-firam ne, irin waɗanda ake saka hoto a ciki a waya don a ƙawata shi, da furanni, da ribon, da maɓallai, da takardun bango kala-kala, da salon rubutu iri-iri. Sun haura dubu uku. Waɗanda na taɓa amfani da su kuwa, ranar da na zauna na ƙirga da gaske, goma sha ɗaya ne.

Ina koyarwa a wata firamare a nan Kontagora. Wata abokiyar aikina ce ta haihu, na haɗa mata hotunan jaririn guda huɗu a shafi ɗaya, na ɗora fure a kusurwa, na rubuta barka da suna a ƙasa. A ofishin malamai aka yi ta miƙa wayar daga wannan hannu zuwa wancan, ana cewa ashe Malama haka kike da fasaha. Wannan yabon ne ya cuce ni. Kafin sati ya zagayo na shiga wani guruf na mata masu irin wannan aiki, inda kullum sai an turo sabon ƙunshi, a ce kyauta ne, a yi maza a sauke kafin a cire. Ni kuwa in aka ce kyauta, hankalina tashi yake yi.

Kada a ɗauka abin da nake saukewa yana da wata alaƙa da rayuwata. Ina da ƙunshi guda na dusar ƙanƙara, a garin da in watan Maris ya kama, ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Ina da na bakin teku, da jiragen ruwa da laima, alhali babban ruwan da na sani shi ne rafin bayan gidan kakata. Akwai wani na kabewa mai ido da haƙora, wanda har yau ban san bikin me ake yi da shi ba, amma na adana shi har sau biyu. Kowanne na kalla sai in ce wata rana zai yi amfani.

Mijina ya gaji da jin ina tsaki wayata ta cika, ya sayo min memori. Sati biyu ya yi shi ma ya cika.

"Ke da rumbu aka ba ki, da tsakuwa za ki cika shi," in ji shi.

Na ce masa ba ya gane harkar fasaha ne. Duk lokacin da wayar ta ce ba wuri, hotunan mutane nake gogewa. Dalilina shi ne ai hoton biki yana wayar kowa, in ina so zan karɓa, amma ƙunshin nan in ya tafi ya tafi ke nan. Da bakina na faɗi haka, kuma a lokacin har wani wayo nake ji da shi.

Kakata, mahaifiyar mahaifiyata, tana zaune a Tungan Magajiya tare da autarta, wadda muke kira Inna. Da hutun Ista na je musu kwana uku. Kaka da Hausa take min magana, don Dukancina, yarenmu na gado, ya tsaya a gaisuwa da kuma zagi biyu. Malama take kirana, amma yadda take jan sunan, kowa ya san tsiya ce.

Ko ruwa ban gama sha ba ta buɗe gwangwanin da take ajiye katin asibiti da allura, ta zaro wata takarda a ninke ta miƙo min. Takardar tsarin jana'iza ce, irin wadda muke bugawa a coci in an yi rasuwa, da jerin waƙoƙi a ciki, da hoton mamaci a bango. Ta ƙawarta ce, wadda suka yi shekara da shekaru suna zama a benci ɗaya a zumuntar mata, ta rasu kafin zuwana da 'yan makonni.

"Duba nan," in ji Kaka. "Duba da kyau, ke mai ido huɗu."

Na gyara tabarau na duba. 'Ya'yan matar ba su samu hotonta ita kaɗai ba, sai suka yanko ta daga hoton wani biki. Bakinta a buɗe, kamar an kama ta tana tsakiyar tauna. Ɗankwalinta ya zame. A gefen kunnenta akwai gwiwar hannun wani namiji, wadda mai bugawa ya yi ƙoƙarin rufewa da jan fure, amma rabinta na leƙowa.

"Matar nan ko rijiya za ta je sai ta yi wanka," in ji Kaka. "Ga yadda aka raba ta wa mutane. Da hannun wani a kunne."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ita ba za a yi mata haka ba. Tana so in ɗauke ta tun tana da ƙafarta, cikin zanen zumunta, ita kaɗai, tsagen fuskarta ya fito sarai, in wanke hoton in kawo mata ta sa a gwangwani. Ranar da Ubangiji ya kira ta, shi za a buga, ba wani ba. Na ce haba Kaka, wace irin magana ce wannan, ai da sauranki. Ta ce ba shawara take nema ba.

Na ce to a ɗauka yanzu mana. Ta kalle ni kamar na ce ta je coci da ɗaurin ƙirji. Sai an wanke zanen, sai an goge shi, sai an yi mata kitso. Aka tsayar da safiyar ranar da zan koma.

Ke nan kwana biyu cur na samu. Na san wayata a cike take, don tun a mota ta ƙi ɗaukar hoton wani garken shanu da ya burge ni. Sau uku ina zama a gindin bishiyar mangwaro da niyyar in rage kaya. Duk zaman, sai in buɗe folda, in fara kallon furanni ɗaya bayan ɗaya, in ce wannan ya yi kyau, wannan na sha wuya kafin ya sauka, wannan zai dace da bikin ƙanwata, wadda ko saurayi ba ta da shi a lokacin. Haka nake tashi ban goge komai ba, sai dai cajin da na ƙone.

Ranar ta zo. Tun da sassafe na ji ƙaurin gawayi, Inna na goge zanen da dutsen guga. Aka aro farar kujera daga maƙwabta, aka ajiye ta jikin katangar da aka yi wa sabon yaɓe. Kaka ta fito ta shafa mai, ta ɗaura ɗankwali ya zauna daram, ta riƙe littafin waƙoƙinta a cinya duk da ba ta karatu. Matan maƙwabta suka tsaya a bakin ƙofa suna cewa kai, amarya. Ta zauna, ta miƙe baya, ta ɗaga haɓa. Ba ta yi murmushi ba, don a wurinta mai hankali ba ya washe baki a hoto. Ban taɓa ganin ta yi kyau kamar safiyar nan ba.

Na ɗaga waya na danna, ta ce ba wuri.

Na ce a ɗan jira. Na goge firam biyu, na sake dannawa, ta ƙi. Na goge uku, ta ƙi. Na gane sai na zubar da babban ƙunshi gaba ɗaya kafin ta yarda. Na buɗe na dusar ƙanƙara, shi ne mafi nauyi, na ɗora yatsa a kai. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Rana ta fara duka, Kaka tana zaune ko ƙiftawa ba ta yi, gumi ya fara tsattsafo mata a goshi. A bakin hanya direban da ya yi alkawarin biyo min ya fara danna hon. Ni kuwa ina tsaye ina tunanin datar da na kashe wajen sauke dusar ƙanƙara, da kuma cewa an riga an cire ta daga guruf.

Na danna a'a. Na ɗaga wayar na saita ta a fuskar Kaka, na ce, "Ɗaya, biyu, uku. Shi ke nan, ya yi."

"Ban ji ya yi ƙara ba," in ji ta.

"Irin ta yanzu ce, Kaka, ba ta ƙara."

"Kawo in gani."

"Hasken rana ya yi yawa, ba za ki ga komai ba. Bari sai na wanko shi."

Ta yarda. Abin da ya fi ci min rai ke nan, yadda ta yarda nan take. Ta sauke kafaɗa, ta yi ajiyar zuciya, ta ce wa matan bakin ƙofa to, an gama wannan. Kafin in shiga mota ta sa an kamo min kaza, an ɗaure ƙafafunta, ta ce tukuicin mai hoto ne. Na karɓa da hannu biyu har da durƙusawa. Muka zo Kontagora aka yanka ta, na yi farfesu, na ci, na siɗe yatsa.

A raina na ce ƙarshen wata zan koma, in ce hoton ya yi dishi-dishi, a sake. Ƙarshen wata aka koma makaranta. Daga nan damina ta sauka, hanya ta lalace. Daga nan jarrabawa. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su ne suka hana ni ba. Kunyar in sa tsohuwa ta sake wanke zane da kitso ce, da tsoron kada ta dube ni da idon nan nata ta gane. Duk sanda na kira Inna, sai in ji muryar Kaka daga nesa tana cewa a tambayi Malama ina hotona. Na ce mai wankin hoto ba shi da wuta. Na ce injinsa ya lalace. Na ce ya yi tafiya. Bawan Allah da ko sau ɗaya ban taka shagonsa ba, na ɗora masa duk wata masifa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. A cikin watannin nan ban daina saukewa ba. Na goge hotunan bikin yaye ɗalibaina don in samu wurin wani ƙunshi mai ruwan gwal. Har folda na buɗe na sa mata suna Hoton Kaka, na tara firam wajen ashirin a ciki, ina gwada wanda zai fi dacewa da launin zanen zumunta. Firam ashirin na zaɓar wa hoton da babu shi, kuma ina yi ina jin kamar wani ƙoƙari nake mata.

Ana tsakiyar girbin dawa Inna ta kira ni wata ranar Juma'a, ina cikin aji. Kaka ta faɗi a bakin murhu. An kai ta asibiti, an dawo da ita, tana da rai, amma ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya karkace. Inna ta ce magana da ƙyar take fita, amma abin da ta fi maimaitawa shi ne in zan zo in taho da hoton.

Washegari Asabar, bayan na sallami yara da abincin rana, na zauna a tsakar gida da wayar. Ba gogewa na fara yi ba. Dabara na fara nema. Na ce bari in duba ko ina da wani tsohon hoton Kaka da zan gyara ya wuce. Na bi wayar kaf, na bi memori. Na Kirsimetin bara, na goge. Wanda take riƙe da ɗana ranar da aka kai mata shi, na goge. Guda ɗaya tak na samu, na bikin wani ɗan kawuna, shi ma don yana cikin wata foldar da na manta da ita ne. Kaka tana can ƙarshen layi, tana kallon wani wuri, wata mata ta dafa kafaɗarta.

Na yanko ta. Na ƙara haske. Na saka ta a firam mai ruwan gwal, ya zauna. Saura hannun matar nan a kafaɗa. Na buɗe foldar furanni, na zaɓi wani ja mai faɗi, na jawo shi da yatsa na ɗora a kan hannun, na ɗan ƙara masa girma don yatsu biyu suna leƙowa.

A nan na tsaya. Na dubi abin da na haɗa, sai ga takardar cikin gwangwani a gabana, sak, har launin furen. Na kife wayar a kan tabarma na tashi na kuskure baki, don da gaske wani ɗaci ne ya taso min. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta wannan yammacin ba. Tsohuwa ta roƙe ni abu ɗaya a duniya, ta nuna min da yatsa abin da ba ta so, ni kuma ga ni zaune ina ƙera mata shi da ƙwarewa.

Mijina yana gefe yana wanke babur, ya ga na dawo ina share baki, ya tambaya lafiya. Na gaya masa komai, tun daga farar kujera har kaza. Na zaci zai yi tsiyar da ya saba. Bai yi ba. Ya matse tsumma ya ce, "To yanzu me kike jira?"

Ko a lokacin sai da hannuna ya yi gardama. Na ce bari in ware masu amfani, in zubar da sauran. Na buɗe folda biyu, ta ajiyewa da ta gogewa. Bayan rabin awa ta ajiyewa tana da ɗari da wani abu, ta gogewa tana da bakwai, cikinsu har da kabewa mai haƙora, ita ma kwafi ɗaya, na bar ɗayan. Na ga in na bi ta wannan hanya, za a binne Kaka ina kan tantance ribon. Na koma baya na zaɓe su duka, na waya da na memori, har da foldar da ke ɗauke da sunanta. Na danna gogewa, wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce e. Na shiga kwandon shararta na sake gogewa, na fita daga guruf. Shekara uku ina tarawa, ko minti biyu ba su yi ba suka ɓace. Ban ji sanyi a raina ba, haushi na ji, da na ga ashe iyakar wahalar ke nan.

Ranar Lahadi na isa Tungan Magajiya ana fitowa daga coci. Kaka tana kwance a ɗaki, an tokare ta da matashi. Gefen fuskarta na hagu ya zubo, ido ya ja ƙasa, leɓe ya saki, tsagen wannan kuncin ya lanƙwashe. Inna na zaune kusa da ita da tsumma a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da kai, ta buɗe tafin hannunta na dama.

"Kin kawo?"

Tun a mota na shirya abin da zan ce, na kuwa faɗe shi. "Kaka, wancan bai fito sosai ba. Mu sake wani."

"A'a." Ta ɗauki lokaci kafin sauran ya fito. "Wancan. Ko bai fito ba. Fuskata ce a ciki."

Ƙaryata ta ƙare a nan, ba ni da wata a ajiye. Na ce, "Kaka, babu hoto. Ranar nan ban ɗauka ba. Wayar ce ta cika, na yi miki ƙarya."

Inna ta ce, "Ke!" ta rufe baki da tsumman hannunta. Kaka ba ta motsa ba.

"Me ya cika ta?"

"Furanni."

"Na shukawa?"

"A'a. Na zane ne, waɗanda ake sa wa hoto a gefe."

"Hoton wa kika sa wa?"

"Ba kowa."

Ta dube ni da idon da ke buɗewa sosai, ta daɗe. Sannan ta faɗi wata magana da Dukanci, gajera, ba ta cikin zagi biyun da na sani. Na kalli Inna, ta sunkuyar da kai ta ƙi fassara min, har yau kuma ba ta fassara ba. Kaka ta juyar da fuska bango. Ranar ba ta ƙara ce min komai ba, ko kunun da na dama mata daga hannun Inna ta karɓa.

Da safe ina shara na ji ƙaurin gawayi. Inna ce a durƙushe tana goge zanen zumunta. Ba ta kalle ni ba ta ce in je in aro kujera. Mu biyu muka ɗaura wa Kaka zanen, muka ciccibo ta muka zaunar jikin katanga, muka sa matashi ta hagu don kada ta zame. Littafin waƙoƙi ya ƙi zama a cinyarta, aka ajiye shi. Wannan karon ba wanda ya tsaya a bakin ƙofa, Inna ta rufe ta.

Na tsaya a gabanta na ɗaga waya. Ta girgiza kai. A hankali ta juya wuyanta har gefen hagu ya ɓuya, ta bar min na dama, inda tsagen ke nan a miƙe yadda na san shi. Ta ɗaga haɓa.

"Daga nan," in ji ta.

Na danna, wayar ta yi ƙara. Ta miƙo hannu, na kai mata, na kare hasken rana da jikina. Ta kalla, ta kalla.

"Rabi ne," ta ce. "Da kin ɗauka ran nan, da duka ne."

Ta miƙo min wayar.

"Kar ki sa fure."

Ranar na koma Kontagora, ba kaza. Washegari na taka shagon mai wankin hoto a karo na farko, na tarar yana da wuta, injinsa lafiya lau. Cikin satin na mayar mata da hoton da kaina, ta sa Inna ta ajiye shi a gwangwani.

Ta rasu da damina ta zagayo. Shi aka buga a bangon takardar, fari fat, sai sunanta a ƙasa. A wurin jana'izar wata abokiyar aikina, mai jaririn nan, ta juya takardar a hannu ta ce, "Malama, ke da kika iya kwalliyar hoto, kika bar na kakarki haka? Kuma me ya sa take kallon gefe?"

Na ce haka ta ce a yi.